Yadda ake sauya wa motar gudu taya a zafin Kebbi, da iyakar gaurayawa

Tun da bazara ta kama, masu Marsandi C300 da BMW da Lexus IS suke ta aiko mini da tambaya ɗaya, ko da kowa da irin lafazinsa: "Malam, tayar baya ta tafi, kuma babu irinta a Birnin Kebbi. In sa wadda na samu?" Wani kuma ya ce kuɗin biyu gare shi, gaba zai sa ko baya? Amsar ba ta shiga gajeren saƙo, shi ya sa na jero matakan a nan yadda nake bin su da kaina.

Irin waɗannan motoci suna da ƙarfin inji da kaifin birki, amma duk wannan ƙarfin yana isa kwalta ne ta wuri huɗu, kowanne bai fi tafin hannunka ba. Motar da ba ta da zafi tana iya haƙuri da tayoyi barkatai. Wannan ba ta yi.

Kafin ka fita, tanadi waya mai kyamara da fitila, gejin iska naka na kanka, da gejin auna zurfin zanen taya. In babu na ƙarshen, tsinken ashana zai ɗan taimaka.

1. Fara daga ƙofar direba

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda manne da girman tayar da kamfanin ya tsara wa motar da yawan iskar da take so. A wasu Marsandi bayanin iskar yana cikin murfin tankin mai. Ɗauki hotonta, da shi za ka shiga kasuwa.

Kula ko layi ɗaya ne ko biyu, domin motocin gudu da yawa tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi. C300 ƙirar 2008 zuwa 2014 mai rim 17 na sifot tana zuwa da 225/45 R17 a gaba da 245/40 R17 a baya. BMW 3 ƙirar 2006 zuwa 2011 mai rim 18 tana ɗaukar 225/40 R18 a gaba da 255/35 R18 a baya. Haka aka ƙera su, ba kuskuren wani ba ne.

Hattara: kada ka kwafi lamba daga tayar da ke jikin motar yanzu. Motar da ta fito daga Kwatano ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso gare ka, kuma dila yakan ɗaura mata duk abin da ya shiga rim don ta yi kyan gani a wajen sayarwa.

2. Karanta lambar har ƙarshenta

Ɗauki 225/45 R17 94W. Faɗin tayar milimita 225 ne. Lamba 45 tana nufin tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin. R irin saƙar cikinta ce, 17 kuma girman rim a inci. Yawancin mutane nan suke tsayawa, alhali ragowar ce ke raba tayar motar gudu da ta sauran motoci.

Lamba 94 ita ce ta nauyi: kowace taya tana ɗaukar kilo 670. In 91 ce kilo 615, in 98 ce kilo 750. Idan takardar ƙofa ta nuna XL, tayar da aka ƙarfafa don ƙarin nauyi ake nufi, kada ka sauka zuwa wadda ba ta da shi. Harafin ƙarshe na gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Kana iya hawa sama da abin da kamfanin ya rubuta, amma ba ka sauka ƙasa.

Na san abin da za ka ce: "Wa zai yi gudun 270 tsakanin Kalgo da Jega?" Babu. Amma abin da ke kashe taya a gudu zafi ne, kuma harafin yana gaya maka yadda aka gina ta ta jure shi. A watan Afrilu iskar Birnin Kebbi tana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Tayar W da ke tafiya a 120 tana da sauran numfashi mai yawa, ta T kuwa kaɗan ya rage mata. Don haka ma ka nemi inda aka rubuta Temperature a gefen tayar. Daraja uku ce, A da B da C. A garinmu A za ka saya.

3. Gane wace irin taya ce

Nan ne aka fi cutuwa, don haka zan daɗe a kai.

Taya iri uku ce ta fuskar yanayi. Akwai ta lokacin zafi, wadda ita ce asalin tayar motar gudu, irin su Michelin Pilot Sport, Continental SportContact, Bridgestone Potenza, Pirelli P Zero da Goodyear Eagle F1. Kada sunan ya ruɗe ka, tana riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta sosai, ita ce ta dace da bazararmu da daminarmu duka. Akwai ta kowane yanayi, wadda motocin da aka shigo da su daga Amurka suka fi zuwa da ita, galibi da tambarin M+S. Ba ta kai ta farko riƙo a kwana ba, amma tana daɗewa, kuma babu laifi a kanta in lambobinta sun cika. Sai ta uku, tayar ƙanƙara, wadda aka yi wa ƙasashen da sanyinsu ke sauka ƙasa da digiri 7.

Ita wannan ta ukun ce ta cika rumfunan tayar Beljiyam. A Turai da yawa ana cire ta tun zanenta yana wajen milimita 4, sai ta iso nan da haƙoranta zaƙo-zaƙo, mai saya ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Robarta mai laushi ce ƙwarai don kada ta daskare a sanyi. A kwaltar Kebbi sai ta ƙara yin laushi, ta riƙa lanƙwasa a kwana, birki ya ƙara tsawo, zanen ya zube cikin 'yan watanni.

Ga yadda za ka gane ta. Duba gefenta, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. Duba fuskarta, kowane haƙori yana da ƙananan tsaga-tsaga masu zigzag kamar an yanka da reza. Sunayensu ma suna tona su: Winter, Alpin, Blizzak, WinterContact, Sottozero. Wasu tayoyin kowane yanayi ma suna ɗauke da hoton dutsen, don haka haɗa alamun uku kafin ka yanke hukunci.

Ni kaina an taɓa sayar mini da irinta guda biyu. Mai rumfar ya buga ta da hannu ya ce, "Alhaji, dubi zane, wannan ko wata shida ba ta yi a ƙasar Turawa ba." Na ɗaura su a baya, gaba kuma akwai tayoyin zafi masu kyau. Ranar ruwan farko, ina dawowa daga Jega, na shiga wata kwana da gudun da na saba, sai na ji gaban motar ya bi hanya, bayanta kuma yana neman ya wuce ni. Allah ya kiyaye babu mota a ɗaya hannun. Washegari na cire su.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: BMW da yawa da wasu Marsandi suna zuwa da tayar da ke iya tafiya bayan ta sace, yawanci har kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Gefenta mai tauri ne, kuma za ka ga RFT ko ZP ko SSR ko RSC ko MOE a jikinta. Irin waɗannan motoci sau da yawa ba su da safaya a but.

Hattara: in ka yanke shawarar komawa tayar gama-gari, don ta fi araha kuma ta fi laushi a ramuka, to canza huɗun gaba ɗaya, sannan ka nemi safaya da jak da sifana a ranar. Kada ka kama hanyar Koko zuwa Yawuri babu su.

4. Duba shekarunta

Nemi haruffan DOT a gefen tayar, ka bi layin zuwa lambobi huɗun ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 tana nufin mako na 23 a 2022. Cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, in ba ka gan ta ba juya tayar. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, bar wurin.

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sun sha faɗakar da cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin kuwa yana cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta yana nan. A ganina, ga motar gudu a rana irin tamu, maganar hukumar ta fi kusa da gaskiya. In sabuwa kake saya, nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu a ajiye ba.

Hattara: shafa lambar da yatsa. In wurin ya yi santsi daban, ko ya yi kama da an goge an sake bugawa, kada ka saya ko nawa aka rage maka.

5. Guda nawa za ka canza, kuma me za ka iya gaurayawa

Fara da awo. Sabuwar taya zanenta yana wajen milimita 8. A cikin kwarin zanen akwai wasu 'yan tudu da aka yi a tsayin milimita 1.6, in fuskar tayar ta yi daidai da su ta gama aiki. Ga motar gudu kada ka jira haka, canza a milimita 3, musamman in damina ta matso. Da ashana, soka kanta cikin kwarin: in kan yana leƙowa waje, lokaci ya yi. Auna wuri uku a kowace taya, waje da tsakiya da ciki. Kwanta ka haska fitila a gefen ciki na tayoyin baya, domin BMW da Marsandi sun iya cinye can alhali waje yana nan kamar sabo.

Mafi kyau shi ne huɗu iri ɗaya. In aljihu bai kai ba, ga ƙa'idar da ba a taɓawa: tayoyi biyun da ke gaba tagwaye ne, biyun da ke baya ma tagwaye ne. Girma ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, lambar nauyi da harafin gudu ɗaya, cinyewa kusan ɗaya. Dalilin a fili yake. In ka taka birki da ƙarfi, ta hagu ta riƙe fiye da ta dama, motar za ta fizge gefe. Na'urorin ABS da ESP kuma, masu hana ƙafa kullewa a birki da hana mota zamewa, suna aiki ne da ƙirga juyawar kowace ƙafa, in ɗaya ta fi ɗaya girma sai su riƙa samun labarin ƙarya.

Tsakanin gaba da baya akwai ɗan sassauci. Kamfani ɗaya a gaba, wani a baya, ana iya zama da shi in dukansu jinsi ɗaya ne kuma darajarsu ta yi kusa. Abin da ban yarda da shi ba ko na kwana ɗaya: tayar zafi da ta ƙanƙara a mota ɗaya, mai tafiya bayan ta sace tare da ta gama-gari, ko babbar taya mai tsada a gaba da mafi arhar kasuwa a baya. In dole harafin gudu ya bambanta, mafi ƙanƙanta shi ne iyakar motar gaba ɗaya.

Yanzu tambayar da ake jayayya a kai a kowane gareji: sababbin biyu, gaba ko baya? Baya. Ko motar da gaba take ja, baya. Makanikai da yawa za su ce maka gaba, don can sitiyari yake kuma can nauyin inji yake. Amma in gaba ya zame, za ka ji a hannunka, ka ɗaga ƙafa daga totur, motar ta dawo. In baya ya zame, motar juyawa take yi, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. Don haka a mayar da tsofaffin baya gaba in suna da sauran rai, sababbi su hau baya. Wannan ga motar da ƙafafunta huɗu girma ɗaya ne. Mai faɗin baya ba ta da wannan zaɓin, inda ya cinye nan za a canza, biyu-biyu.

Guda ɗaya fa? Ina yarda da shi a hali ɗaya: ƙusa ko rami ya kashe taya alhali 'yar'uwarta ba ta daɗe ba, bambancin zanensu da sabuwa bai wuce milimita 2 ba, kuma ka samu irinta sak. In ba haka ba, sayi biyu, tsohuwar mai lafiya ta zama ajiya.

Hattara ga masu 4MATIC da xDrive da quattro: motarku tana ja da ƙafa huɗu, kuma akwai na'ura a tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In zagayen tayoyin ya bambanta, na'urar tana aiki ba hutawa har ta yi zafi ta lalace, gyaranta kuma ya fi kuɗin taya huɗu. Ku huɗu za ku riƙa canzawa, ko ku tabbatar zurfin zanen ya yi kusa sosai.

6. In girman bai samu ba

Wani lokaci 225/45 R17 ba ta a gari, mai shago ya ce ga 225/50 za ta shiga. Shiga daban, dacewa daban. Abin lura shi ne tsayin tayar gaba ɗaya, kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, mai jan ƙafa huɗu kuwa kada ka kauce ko kaɗan.

Lissafin da waya ake yi. Ninka faɗi da lamba ta biyu, raba da 100, ninka biyu, sannan ka ƙara girman rim da aka ninka da 25.4. Taya 225/45 R17 tana ba da milimita 634. Ita kuwa 225/50 R17 tana ba da 657, ƙarin kashi 3.5 ke nan, ta haura iyaka: mitar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya, kuma tayar tana iya gogar jiki a kwana. Amma 205/55 R16 tana ba da 632, kusan daidai da ta farko. Shi ya sa wanda ramuka suka ishe shi yana iya saukowa daga rim 17 zuwa 16 ya samu gefen taya mai kauri, muddin rim ɗin ya wuce kan birkin ba tare da taɓawa ba, kuma lambar nauyi ta cika. A gwada rim ɗaya a gaba kafin a biya kuɗi.

Yawanci dai haƙuri ya fi: sa a aiko maka daga Sakkwato ko Kano ko Kaduna.

7. Ciniki

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yi a Legas a 2008, tayar mota daga waje take zuwa, shi ya sa farashinta ke bin dala. Tambayi shago uku a rana ɗaya, kada ka dogara da farashin watan jiya.

Kasuwar hawa uku ce. Sama akwai Michelin, Continental, Pirelli, Bridgestone da Goodyear. Tsakiya akwai irin su Hankook, Kumho, Yokohama da Maxxis. Ƙasa akwai na Sin masu araha, irin su Triangle da Westlake da Linglong. Shawarata ga mai matsakaicin ƙarfi ita ce hawan tsakiya, huɗu iri ɗaya. Sabuwar mai araha da lambobinta suka cika ma ta fi mini babbar suna ta hannu wadda ba ka san ramin da ta faɗa ba. Ka kuma sani tayar hannu tana cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, babu wanda zai tsaya maka in ta fashe.

A lissafinka sa kuɗin sabon bawul ga kowace taya, kuɗin ɗaurawa, balansin, alaimen, da kuɗin mota in aiko maka za a yi. Kafin ka tura kuɗi, a turo maka hoton kowace taya ɗaya-ɗaya, da girmanta da lambar DOT a fili. Karɓi rasit mai ɗauke da waɗannan lambobin.

In duk da haka ta hannu za ka saya, sa a ɗaga ta ka haska cikinta. Faci a gefe, ƙwai ko kumburi, tsagewa kamar ƙasar fadama a rani, baƙin gari ko zobe mai duhu a ciki da ke nuna an yi tafiya da ita babu iska, ko ɗaya ka gani ka ajiye ta.

8. Tsaya a wajen ɗaurawa

Kada ka ba yaro makulli ka tafi. Tayar motar gudu gefenta gajere ne kuma mai tauri, da inji ake ɗaura ta. Guduma da ƙarfen banƙara suna yaga bakin tayar, su kankare rim, su karya na'urar auna iska da ke manne da bawul a ciki. Gaya wa mai faci tun farko: "Malam, akwai sensa a ciki, a bi a hankali."

Duba rubutun gefe kafin a ba ta iska. In akwai kibiya da kalmar Rotation, kibiyar ta kalli gaban mota a sama. In an rubuta Outside, wannan gefen ne zai kalli waje. Taya mai kibiya da aka ɗaura a juye ba ta korar ruwa yadda ya kamata. A murza kowane rim a kan injin balansin a ga ko ya lanƙwashe, don lanƙwasasshen rim yana sace iska a hankali kuma yana girgiza sitiyari.

Hattara da ɗaure noti. Ana bin su a gicciye, ba a jere ba, kuma da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wanda ake ƙirgawa da Nm: Nm 130 ga waccan C300, Nm 120 ga waccan BMW. Yaron gareji ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, wannan yana miƙar da noti, kuma ranar da taya ta sace maka a daji ba za ka iya kwance shi ba.

Daga nan wuce alaimen kai tsaye, na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba. In mai alaimen ya ce akwai bushin ko shokozoba da ya mutu, gyara shi tukuna, in ba haka ba sabuwar tayar za ta cinye a gefe ɗaya kamar tsohuwar.

9. Iska da makon farko

Masu faci da yawa PSI 40 ko 50 suke bugawa kowace mota, PSI kuwa shi ne ma'aunin iskar taya. Lambar da ke jikin tayar, 44 ko 51 PSI, iyakar abin da take ɗauka ce. Abin da motarka ke so yana kan takardar ƙofa, kuma sau da yawa gaba da baya sun bambanta. Auna da gejinka da safe kafin mota ta motsa. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne ya ɗaga ta, za ta sauka da kanta. Rashin iska ya fi yawanta haɗari a zafi, domin gefen tayar yana ta lanƙwasa har ya ƙone daga ciki.

Sabuwar taya tana da ɗan santsi, don haka bi ta a hankali a kilomita ɗari biyu zuwa uku na farko. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake duba notin. Duba iska duk mako biyu, har da safaya. In 'yar siririya ce, PSI 60 take so, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Motar da ƙafafunta huɗu girma ɗaya ne, a riƙa musanya gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, in masu kibiya ne kowace ta tsaya a gefenta. Ramin ƙusa a fuskar taya ana yi masa faci daga ciki in bai wuce milimita 6 ba, na gefe kuwa ba ya faci, sai canji.